Ramukan da Gishiri Ya Bari

Litinin, bakwai na safe

Yau zan koma aiki. Gwaggo, yayar Baba, ta iso tun ban gama ɗaura ɗankwali ba, ta ce in tafi, ita za ta riƙa yini da Mama. Na nuna mata inda magani yake, na nuna mata yadda ake ɗaga ƙafar ba tare da an murɗa gwiwa ba. Da na sake maimaitawa sai ta ce, "Ke yarinya, ni fa na goya ubanki." Daga nan ta shiga gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Takalman Baba suna nan a bakin ƙofar ɗakinsa na ƙarshen baranda. Na share kewayensu na fita.

Litinin, biyar na yamma

A wurin aiki duk wanda ya gan ni sai ya rage murya, kamar ni ce asibitin. Murƙushe kaɗai ya yi mini magana irin ta mutane. Ya ce, "Kin dawo? Sosonki duk sun yi maraici." Sai ya ji abin da ya faɗa, ya kama haƙuri, na ce ya bari don Allah.

Soso muke ce wa abin da muke ƙerawa. In ƙashi ya karye ya bar giɓi mai faɗi, ba ya iya tsallakawa da kansa. To mu muna yin wani ɗan abu fari kamar guntun alli, mai ramuka irin na soson wanka, a cusa shi a giɓin. Jini da ƙwayoyin ƙashi su bi ramukan su shiga su yi gini, shi kuma ya narke a hankali ya bar musu wurin. Ramukan nan da gishiri nake yin su. In tankaɗe shi, in kwaɓa da garin da muke yin soson da shi, in ya daskare in jiƙa a ruwa, gishirin ya narke, duk inda ƙwaya ta zauna ya zama rami. Gishiri ya yi yawa, soso ya yi rauni. Ya yi kaɗan, ramukan ba sa buɗewa cikin juna. Shekara da shekaru tsakiyar nan nake nema. Ba mu kai ga sa wa mutum ba, a tumaki muke gwadawa, shi ya sa Mama take ce mini Likitan Tumaki.

Shi Murƙushe aikinsa ya sa abin da na yi a inji ya matse har ya fashe. Da can in ya yi ƙas har tafi muke yi. Yau da na ji, sai na tsinci kaina a banɗaki ina wanke hannun da bai yi datti ba.

Laraba, azahar

Mun dawo daga asibiti. Likita ya ɗaga hoton ƙashi, ni kuwa tun kafin ya buɗe baki na gani. Ƙarfen da suka zura a ƙashin ƙaurin yana nan daram, amma layin karayar baƙi ƙirin, kamar jiya motar ta faɗi da ita da Baba.

Ya ce ƙashin ya yi jinkiri. Ya ce dole Mama ta fara taka ƙafar kaɗan-kaɗan, don ƙashi sai ya ji nauyi yake tashi ya yi aiki. In an sake hoto ƙarshen wata mai zuwa ba a ga alamar haɗuwa ba, za a koma tiyata, a yanko ƙashi daga ƙugunta a cike wurin.

Mama ta ce, "Likita, teburin nan na hau shi sau ɗaya, da na sauko ban tarar da gidana yadda na bar shi ba. Ba zan sake hawa ba." Na san muryar. Da ita ta hana ni sayen babur ina jami'a, kuma har yau ban saya ba.

Sun ba mu sanduna biyu na asibiti. Na ɗora su a saman durowata kafin in yi nazari.

Alhamis, shida na safe

Shi likita ya ce ta taka. Shi zai ɗaga ta in ta faɗi?

Asabar, hantsi

Na sayo keken marasa lafiya. Na jawo tebur kusa da gado, na jera ruwa, magani, waya, carbi, tabarau, maficin hannu. Yanzu ba abin da zai sa ta miƙa ko da yatsa. Na ja baya ina kallon aikina, Mama ta ce, "Saura ki kawo wanda zai riƙa yi mini numfashi."

Ta tambaye ni makullin ɗakin ƙarshe. Na ce ban san inda na ajiye ba. Yana cikin jakata, a aljihun da nake sa katin shiga ofis.

Talata, huɗu na yamma

Na yi sabon kwaɓi, na rage gishiri. Ba wani abu ba ne, gyara ne kawai.

Murƙushe ya sa a inji, ya ƙara nauyi, ya ƙara, abu ya ƙi fashewa. Ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Wannan soso ne ko bulo? Injina zai yi ƙararki." Na ji daɗi, rabon da in ji daɗin wani abu na manta.

Alhamis, shida na yamma

Mai gashin ƙashi ta zo gida. Doguwa ce, ga murya, komai aka ce sai ta ce "ki taka," har Gwaggo ta sa mata suna Ki-Taka. Tana shigowa ta ga keken, ta ga teburin, ta ce ina sanduna.

Na ce ina da tambayoyi tukuna. Na tambaye ta kaurin ƙarfen, na tambaye ta yadda ƙusoshin suka kama ƙashin mace mai shekarun Mama, na tambaye ta wane nauyi take nufi da kaɗan-kaɗan, tunda kaɗan ba ma'auni ba ne. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "An ce mini aikin ƙashi kike yi."

Na ce eh.

Ta ce, "Ai na gani. Wanzami ba ya son jarfa."

Gwaggo ta yi dariya har da tari. A gidanmu, a gabana! Na ce a bari sai mako mai zuwa, Mama ba ta yi barci sosai ba. Mama ta buɗe baki, na riga ta, na ce ai jiya na ji tana juyi. Ki-Taka ta lanƙwasa mata gwiwa, ta matsa mata yatsu, ta tafi tana cewa cinyar ta fara zubewa.

Su ba su san abin da na sani ba. Ni na ga cikin ƙashin tsofaffi a madubin gwaji, na san yadda yake zama kamar tsohuwar saƙa. Na san daidai inda yake fara tsagewa.

Juma'a, tara na safe

Na sake rage gishiri.

Litinin, uku na yamma

Kunya ta ishe ni yau. Muna da wani gwaji mai sauƙi: a ɗiga jan ruwa a saman soso, in ramukan sun haɗu zai ɓullo ta ƙasa. Na ɗiga a sabon nawa, ɗigon ya zauna a kai yana kallona. Na jira, na hura, na karkata shi, ya gangaro ya ɓata mini riga.

Oga ya kira ni ofis. Ya sa hotunan ƙwayoyin da aka shuka a kai, duk sun yi cincirindo a baki, waɗanda suka samu suka ɗan kutsa ciki sun mutu, don ba ta inda abinci zai kai musu. Ya yi magana a hankali, irin wadda ake yi mini yanzu, na fi son a yi mini tsawa. Ya ce, "Gida muka ce ki gina musu, kin yi musu katanga."

Na ce amma ba ya fashewa.

Ya ce, "Dutse ma ba ya fashewa. Tumaki na gaba za su shiga tiyata nan ba da jimawa ba, me za mu sa musu?"

Ya ce ko zan ƙara hutu. Hutu! In zauna a gida in yi ta kallon ƙofar nan?

Laraba, bakwai na safe

Mama ta daina ce mini Likitan Tumaki. Jiya na ji tana ce wa Gwaggo, "Yaya, rage murya, mai gadi ta dawo."

Alhamis, magariba

Na sake ɗage Ki-Taka. Na ce mata muna da baƙi, kuma gaskiya ne, har yanzu ana ɗan zuwa jefi-jefi, su zauna, su ce yaya haƙuri, su sha ruwa su tafi. Kowa da nasa maganin. Wani ya ce a kira mai ɗori, wata ta ce a dafa ƙafar saniya. Wani abokin aikin Baba kuwa ya dube ni ya ce, "To ke da kike ƙera ƙashi, ki sa mata naki mana." Na yi murmushi. Da zai ga bulon da na ƙera da bai ce haka ba.

Da nake shafa wa Mama mai na ga ƙafar ta zama siririya, fatar tana reto. Na ja zane na rufe. Ta ce, "Rufewa ba za ta mayar da naman ba." Abincin ma cokali kaɗan ta ci ta ture.

Ta sake tambayar makullin. Ta ce rediyon Baba take so. Na ce zan sayo mata sabuwa. Ta juya fuska bango.

Asabar, sha ɗaya na safe

Likitan dabbobi ya kira ni garke in ga tumakin farko, waɗanda aka sa wa tsohon sosona, mai gishiri da yawa, wanda na yi kafin komai ya faru. Akwai wata mai tsagaggen kunne da na fi tausaya wa lokacin. Na tarar da ita tana ture 'yan'uwanta a wurin dusa, tana ɗan ɗingishi, ko a jikinta.

Ya nuna mini hotonta. Soson ya fara dusashewa, farin ƙashi ya shiga ramukan kamar hayaƙi. Ya ce, "Kin ga aikinki. Washegarin tiyata muka bar su suka miƙe, da ƙarfensu da komai, yadda kika tsara."

Yadda na tsara. Ni da bakina na tsaya a gaban taro na ce kada a hana su takawa, ƙashin da aka ɗauke wa nauyi duka kwanciya yake yi. Har tafa mini aka yi.

Haushi ya kama ni, na rasa wa zan ji haushi, sai na ji haushin tunkiyar. Ita tana da ƙafa huɗu, in ɗaya ta ƙi akwai uku. Kuma ita ba uwar kowa ba ce da ta rage masa.

Talata, biyu na rana

Wuta ta ɗauke a wurin aiki, janareto ya ƙi tashi, na dawo gida da wuri.



Na shigo ba su ji ni ba. Mama tana tsaye. Tsaye, a ƙofar ɗakinta, hannu ɗaya a jikin bango, ɗaya a kafaɗar Gwaggo, tsohuwa riƙe da tsohuwa, tana kallon ƙarshen baranda. Ban san lokacin da na kurma ihu ba. Ta firgita, ta yi baya, Allah ya sa keken yana bayanta ta faɗa ciki.

Na durƙusa ina taɓa ƙafar, ina tambaya ina ke ciwo, ina yi wa Gwaggo faɗa kamar sa'ata. Gwaggo ta ce, "Mun fi mako muna yi, ba ta taɓa ko tangaɗi ba sai yau da kika buɗe mana maƙogwaro."

Mama ta janye ƙafarta daga hannuna ta faɗi wata magana. Ba zan rubuta ta ba.

Laraba, shida na safe

Ba ta amsa gaisuwata ba.

Laraba, biyar na yamma

Na zauna gaban ma'auni da rariya, ban auna komai ba. Murƙushe ya zo ya ajiye mini shayi, ya jawo kujera. Ya ce shi ba ya shiga abin da ba ruwansa, amma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma shi ya gaji da matse tsummana.

Na ce, "In na mayar da gishirin zai fashe."

Ya ce, "Wani zai fashe. Tun yaushe muka fara yin abin da ba ya fashewa? Da haka ne ai da ni ba ni da aiki."

Na ce ya tashi ya ba ni wuri. Ya tashi, ya bar shayin. Na sha, ya cika sukari kamar kullum.

Juma'a, bayan sallar asuba

Abin da Mama ta ce ran Talata shi ne: "Mutum ɗaya aka ɗauka daga gidan nan. Ni ban mutu ba, ki daina jera mini kaya a gefen gado kamar kina jiran a zo a ɗauke ni."

Na rubuta. Ina jin tsoro, shi ke nan abin da ke akwai. Ina jin tsoro tun ranar da aka kira ni a waya, kuma na ɗauka in na riƙe komai da kyau ba abin da zai sake faɗuwa.

Juma'a, huɗu na yamma

Na hau kujera na sauko da sandunan, sun yi ƙura. Na goge su na kira Ki-Taka.  Ta sa ma'aunin nauyi a ƙasa ta nuna wa Mama iya inda za ta danna, ta ce mini, "Ga ma'auninki, tunda kaɗan ba ma'auni ba ne. Yanzu koma can ki tsaya."

Na tsaya a bakin taga, na harɗe hannuwa a baya na riƙe ɗaya da ɗaya. Mama ta taka. Na rufe ido ina jiran ƙas. Abin da na ji kawai robar sanda a kan siminti, da Gwaggo tana cewa, "Yawwa, amarya, a hankali."

Litinin, goma na safe

Na mayar da gishiri yadda yake da. Na ɗiga jan ruwa, ya ɓullo ta ƙasa ya ɓata takarda. A inji ya fashe inda ya saba fashewa. Na zauna har aka gama, ban je banɗaki ba, amma na ciji leɓe har ya yi jini.

Alhamis, bakwai na yamma

Kullum safe da yamma, daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa gado. Mama tana haki, tana zufa, tana zagin sandunan. Ni kuma aikina in tsaya ban yi komai ba, kuma ban taɓa yin aiki mai wuya irinsa ba. Jiya na miƙa hannu, ta buge shi da sanda.

Lokacin hoto ya matso. Makonnin da sandunan nan suka yi a saman durowa suna tsaye mini a rai.

Laraba, azahar

Asibiti. Likita ya ɗaga hoton, ya daɗe yana kallo. Ni ma na daɗe. Layin yana nan, amma a gefe ɗaya akwai wani ɗan fari-fari, siriri, wanda in ba ka san shi ba sai ka ce dattin hoto ne. Na san shi, na gan shi a ƙafar mai tsagaggen kunne.

Ya ce bai kai yadda yake so ba, ya so a ce an fi haka nisa. Bai dube ni ba da ya faɗa. Amma ya ce ƙashin ya farka, zai ajiye wuƙarsa wata guda a gani, in dai za a ci gaba da takawa.

A mota Mama ta ce, "Likitan Tumaki, me kika gani?" Na ce na ga hayaƙi. Ta ce, "To ai sai da wuta ake hayaƙi." Na juya ina kallon titi don kada direba ya ga fuskata.

Alhamis, takwas na safe

Yau Mama ta ce ba a ƙofa za ta tsaya ba. Ban ce ban san inda na ajiye ba, na buɗe jaka na ciro makullin. Na yi gaba na buɗe ɗakin. Ƙamshin turarensa yana nan, hularsa a kan ƙusa, rediyo a kan taga inda ya bar ta.

Barandar nan da nake ƙetarewa ban ko lura ba, yau ta yi mini tsawo. Sanda, ƙafa, sanda, ƙafa. Gwaggo tana biye da ita tana jan carbi. Ni ina bakin ƙofa, hannuwana a baya.

Da ta iso sai ta tsaya. Ta dubi takalman a kan dokin ƙofa, yadda ya cire su, ɗaya ya ɗan hau kan ɗaya. Ta daɗe tana dubansu. Na ɗauka kuka za ta yi.

Ta ce, "Ɗauke takalman babanki daga hanya, za su kayar da ni."

Na sunkuya na ɗauka. Ba su da nauyi ko kaɗan. Na tsaya rungume da su, ta wuce ni ta shiga da ƙafarta.